Aiki ɗaya, 'yan kwangila biyu: ya halatta injiniya ya karɓi lada daga kowannensu?

Injiniya Mustapha:
Assalamu alaikum, iyayena da abokan aiki na wannan zaure. Ina da tambaya wadda nake roƙon a duba mini ita ta fuskar ƙa'idar aikinmu da kuma ta fuskar addini, domin tana gabana yanzu kuma ban yanke komai a kanta ba. Wani kamfani mai sayen hatsi zai gina babban sito na ƙarfe a wajen Dawanau, ya gayyaci 'yan kwangila kowa ya kawo nasa zanen tare da farashinsa, wanda ya fi gamsar da shi ya ba shi aikin. Ɗaya daga cikinsu ya zo ofishina, muka daidaita da baki, na tura ma'aikata suka haƙa ramukan gwaji a filin, aka kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji, na yi lissafin fandisho da ginshiƙan ƙarfe da rufi, na fitar masa da zane da takardar BEME, wato jerin kayan aiki da adadinsu da ake ɗora farashi a kai, ya biya ni kuɗina cif. Bayan an gama wannan sai ga wani ɗan kwangilar, wanda shi ma wannan aikin yake nema, ya zo yana son in yi masa irin wannan hidimar. Fili ɗaya ne, girman sito ɗaya ne, sharuɗɗan mai aikin ɗaya ne, saboda haka kusan duk abin da yake buƙata yana cikin kwamfutata a shirye. Shi bai san na yi wa na farko ba, na farko kuma bai san wannan ya zo ba. Idan na karɓi aikin, ya halatta in karɓi cikakken kuɗi a hannunsa kamar yadda na karɓa a hannun na farko? In kuwa bai halatta ba, mene ne ainihin abin da ya hana, tunda aikin da zan miƙa masa sahihi ne, babu algus a cikinsa?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni dai ban ga abin da ya hana ba, kuma zan faɗi dalilina. Mai aiki ba ya biyanmu don yawan sa'o'in da muka zauna gaban kwamfuta, yana biyanmu ne don sanin da muka tara da kuma alhakin da muke ɗauka. Shekara biyar mutum yake yi a tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero ko ta Wudil, sannan ya ƙara shekarun gogewar da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, take buƙata kafin ta yi masa rajista ta ba shi hatimi. Duk zanen da ka buga wa wannan hatimi ka ɗauki alhakinsa daban. Idan ɗan kwangila na biyu ne ya ci aikin, aka gina, iskar farkon damina ta yaye rufin, sunanka za a nema, kai za ka tsaya gaban kotun ladabtarwa ta COREN, kuma babu wanda zai sassauta maka don ka ce rabin kuɗi ka karɓa. To, wanda ya ɗauki cikakken alhaki me zai sa ya karɓi ragaggen lada?

Bayan haka, babu ɗayanmu da yake fara kowane aiki daga farko. Dukanmu muna da tsararrun zane na fandisho da na haɗin ƙarfe, muna da teburan lissafi da muka gina a kan BS 8110 da BS 5950, wato ƙa'idojin Birtaniya na ginin kankare da na ƙarfe, tun shekaru, muna ɗauko su mu gyara. Idan aka ce duk abin da ka taɓa yi sai ka rage kuɗinsa a karo na biyu, ke nan gogaggen injiniya zai riƙa samun ƙasa da abin da sabon shiga yake samu, saboda kawai ya fi shi sauri. Wannan bai yi daidai da hankali ba.

Injiniya Binta:
Injiniya Kabiru, maganarka a kan alhakin hatimi tana da ƙarfi, amma ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. A cikin kuɗin da ɗan kwangila na farko ya biya akwai ladan tunanin injiniya, akwai kuma kuɗin da aka kashe a fili: na masu haƙa, na mota, na ɗakin gwajin da ya tankaɗe ƙasar ya auna danshinta da yauƙinta da nauyin da za ta iya ɗauka. Wannan kashi na biyu ba riba ba ne, mayar wa injiniya abin da ya fitar daga aljihunsa ne. Idan Injiniya Mustapha ya rubuta wa na biyu takardar neman biya, ya sa a cikinta cewa ga kuɗin haƙa ramuka ga kuɗin gwajin ƙasa, alhali ko shebur ba a sake sakawa a filin ba, to ya rubuta abin da bai faru ba ya karɓi kuɗi a kansa. Babu wata hujjar gogewa da za ta wanke wannan.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ina so matasanmu su ji shi da kyau. Rahoton ɗakin gwaji yana ɗauke da sunan wanda ya nemi gwajin da ranar da aka ɗebi samfurin. Kafin a miƙa wa na biyu wannan rahoto a matsayin nasa, dole a goge suna a sauya kwanan wata. Duk wanda ya yi haka ya bar batun saɓanin ra'ayi a kan lada, ya shiga jabun takarda.

Alhaji Ɗanladi:
Ranku ya daɗe injiniyoyi, ni ɗan kwangila ne, ku bar ni in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu, domin na ga ana maganar kuɗin da na biyu zai biya, an manta da na farko wanda ya riga ya biya. Me ya sa ɗan kwangila zai kashe kuɗinsa a gwajin ƙasa tun bai ci aiki ba, alhali ya san idan bai samu ba kuɗin ya tafi ke nan? Yana yi ne don ya san abin da abokan takararsa ba su sani ba. Wanda bai gwada ba dole ya yi zato, kuma mai zato yakan ƙara zurfin fandisho ya ƙara kankare da rodi don ya tsira, farashinsa ya hau. Wanda ya gwada ya tarar da jar ƙasa mai ƙarfi kusa da sama zai rage abin da ya dace a rage ba tare da ya cuci ginin ba, farashinsa ya sauka, ya ci aikin da gaskiyarsa. Wannan ratar ita na saya da kuɗina. Idan injiniyan da na biya ya ɗauki sakamakon ya miƙa wa abokin takarata, ko kyauta ya ba shi ya cuce ni, balle a ce ya sayar masa.

Sannan kada ku manta da cewa wanda ya haɗa mini BEME ya san adadin kowane tan na ƙarfe da na ƙiyasta, kuma galibi ya san farashin da na sa. Ni a wurina ya zama kamar ɗan gida. Ta yaya zan kwana da sanin cewa gobe yana zaune da wanda yake son ya kayar da ni?

Injiniya Kabiru:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, na ji ka. Amma ƙasar Dawanau ba za ta canza hali don wani ne ya biya kuɗin gwaji ba. Idan aka koma aka sake haƙa ramuka kusa da na farko, kusan alƙaluma iri ɗaya za a samu, an dai ɓarnatar da kuɗi ne kawai. Kuma a dubi gaskiyar garin nan: injiniyoyin da suka ƙware a ginin ƙarfe mai faɗi ba su da yawa, 'yan kwangila kuwa wurin mutane kaɗan suke zagayawa. Dillalan rodi na Ƙofar Ruwa suna ba duk masu neman aiki ɗaya farashinsu, kamfanonin rufi ma haka, babu wanda ya taɓa kiran wannan cin amana. Me ya bambanta injiniya da su?

Malam Sadisu:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Injiniya Kabiru, tambayarka ta ƙarshe ita ce ƙofar mas'alar, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan irinta a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka aka keɓe lokacinsa ga mutum ɗaya, akwai kuma mai sana'a da yake karɓar aiki daga kowa, ana biyansa a kan aikin da ya gama. Mu nan Kano mun san wannan bambanci a tasha. Direban da yake lodi kowa ya biya kujerarsa, babu mai cewa don me ya ɗauki wani. Amma wanda ka ɗauka shata zuwa Zariya, ka biya kuɗin motar gaba ɗaya har da mai, idan ya tsaya a Kwanar Dangora ya ɗauki fasinja ya karɓi kuɗinsa ba tare da izininka ba, ya sayar da abin da ya riga ya sayar maka. Ofishin injiniya a asalinsa motar lodi ce, kowa yana da damar shiga. Sai dai gwajin da aka yi da kuɗin mutum ɗaya, a fili ɗaya, don ya yi takara da shi, wannan tafiyar shata ce.

Mai sayar da rodi ba ya riƙe sirrin kowa, farashinsa yake faɗa, shi ya sa bai shiga wannan hukunci ba. Injiniya kuwa an buɗe masa ciki, kuma abin da aka buɗe maka don ka yi aiki da shi amana ne ko da ba a ce maka ka ɓoye ba. Injiniya Mustapha ya ce da baki suka daidaita, babu sharaɗin sirri a rubuce. Wannan ba ya sauke nauyin, saboda ƙa'ida ce sananniya cewa abin da al'ada ta tabbatar tsakanin masu sana'a daidai yake da abin da aka shardanta. Babu ɗan kwangilar da zai biya kuɗin gwaji yana nufin a kai wa abokin takararsa.

Ta ɓangaren na biyu kuma, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta rataya halaccin cin dukiyar juna a kan ciniki bisa yardar juna, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka ɓoye wa mutum wanda da ya san shi da bai biya wannan farashi ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. A lura, mutumin nan bai yi ƙarya da bakinsa ba, shiru kawai ya yi a kan abin da mai saye yake da haƙƙin sani.

Ba na so a fahimce ni cewa ilimin injiniya ba dukiya ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙoƙi ne na dukiya da shari'a take karewa. Teburan lissafinka da tsararrun zanenka naka ne, ka sayar da amfaninsu sau ɗari in ka so.

Injiniya Mustapha:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Abin da na fahimta shi ne rahoton ƙasa ya fita daga hannuna. To, idan na sake tura ma'aikata aka yi sabon gwaji da kuɗin na biyu, na zauna na yi masa nasa lissafin, shin mas'alar ta warware?

Barista Halima:
Injiniya, kafin Malam ya dawo bari in shigo ta ɓangaren doka, domin amsar tambayarka a wurina ita ce ba ta warware ba. Zan fara da abin da yake goyon bayanka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya ƙirƙire shi tun farko, sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma zanen gini yana cikin ayyukan da take karewa. Tsarin yarjejeniyar da FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, ta tanadar tsakanin mai aiki da injiniya mai ba da shawara shi ma ya saba barin haƙƙin zane ga injiniya, mai aiki ya samu izinin amfani da shi a kan aikin da aka yi shi dominsa. Saboda haka zanen, a matsayinsa na zane, ana iya cewa naka ne. Amma mallakar zane daban, wajibcin riƙe sirrin wanda ya ɗauke ka daban, kuma na farkon ba ya goge na biyun.

Ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiyar ƙwararrun injiniyoyi ta Amurka, NSPE, sun yi magana a kan wannan yanayi kai tsaye: injiniya ba zai karɓi lada daga ɓangare fiye da ɗaya a kan aiki ɗaya ba, sai an bayyana wa duk masu ruwa da tsaki halin da ake ciki sun kuma amince. Ba dokarmu ba ce, amma na kawo ta ne saboda kalmar duk masu ruwa da tsaki, domin akwai mutum na uku da har yanzu babu wanda ya duba haƙƙinsa a zauren nan, wato kamfanin da zai gina siton. Shi ya gayyaci mutane da yawa ne don ya samu dabaru mabambanta da farashi mabambanta ya zaɓa. Idan tayi biyu suka fito daga tebur ɗaya, yana ganin yana da zaɓi biyu alhali ɗaya ne aka sauya wa bango. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 ta haramta haɗa baki wajen tayin kwangila, kuma ba ta tsaya ga ayyukan gwamnati kaɗai ba. Da aikin gwamnatin tarayya ne, dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta sanya haɗin baki tsakanin masu tayi cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Ba ina cewa niyyarka haɗin baki ba ce, amma mutum ɗaya da ya san farashin masu takara biyu ya tsaya a daidai inda ake fara zargi, kuma idan zargin ya taso 'yan kwangilar biyu ne za su fara shan wahalarsa.

Injiniya Mustapha:
Barista, a nan ne na fi shiga ruɗu. An ce in bayyana wa kowa in nemi yardarsa. Amma idan na gaya wa na biyu cewa na yi wa wane, na tona cewa wane yana cikin takarar kuma ya riga ya gwada ƙasa. Idan na gaya wa na farko cewa wane ya zo, na tona sirrin na biyu. Neman yardar da kansa ya zama tonon asiri.

Barista Halima:
Gaskiya ne, shi ya sa ake bin abin daki-daki. Na biyu za ka fara gaya wa, ba tare da ambaton suna ko abin da ka yi ba, cewa kana da wata alaƙa da wannan aikin wadda ta hana ka karɓa a yanzu, kuma ka dakatar da shi kafin ya buɗe maka nasa shirin. Idan ya nace, sai ka nemi izininsa a rubuce ka sanar da wancan ɓangaren cewa wani mai takara ya nemi hidimarka. Haƙƙin cewa a'a yana hannun na farko, domin shi ya riga ya ɗauke ka, kuma idan ya ƙi magana ta ƙare.

Baba Injiniya Garba:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗin yadda ake muhawarar cikin mutunci. Lokacin da nake aiki na zauna a kwamitocin duba tayin kwangila, kuma na ga irin wannan da idona: tayi biyu daga kamfanoni biyu, zane iri ɗaya, har kuskuren rubutu a shafi ɗaya. Kwamitin bai tsaya binciken wanda ya kwafi wani ba, duka biyun ya ajiye gefe. Mutanen nan kowannensu ya biya injiniya da zuciya ɗaya, kuma kowannensu ya yi asarar aikin saboda abin da bai sani ba.

Amma abin da nake so Mustapha ya yi tunani a kansa ya wuce tsoron kamawa. Ka ɗauka ka bi shawarar da ka kawo, an sake haƙa ramuka, ka buɗe sabon fayil, ka fara lissafin na biyu daga farko. Kana cikin yi sai ka gane cewa idan ka canza tazarar ginshiƙai, ko ka canza girman ƙarfen da ke ɗauke da rufi, nauyin ƙarfen ginin zai ragu sosai ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Wannan abu ne da yake faruwa kullum, domin duk aikin da ka yi karo na biyu ka fi ganinsa sarai. To, wa za ka ba wannan dabarar? Idan ka ba na biyu kaɗai, ka yi amfani da abin da ka koya da kuɗin na farko ka kayar da shi. Idan ka ɓoye ta don kada ka cuci na farko, ka ba na biyu aikin da ka san akwai wanda ya fi shi, ka kuma karɓi cikakken kuɗinsa. Idan ka ba su duka biyun, ka ɗauki abin da na biyu ya biya ka kai wa abokin takararsa. Babu hanya ta huɗu. Wannan shi ne abin da magabata suke nufi da taura biyu ba ta taunuwa, kuma babu sabon gwajin ƙasa da zai fitar da kai daga ciki, domin matsalar tana cikin kanka, ba za ka iya manta abin da ka sani ba.

Manyan kamfanoni sukan ce sun raba ma'aikata gida biyu, waɗannan ba sa ganin aikin waɗancan. Ko a can ana tantama a kan ingancin wannan, balle ofishin da injiniya ɗaya ne yake lissafi, shi yake dubawa, shi yake buga hatimi.

Laifin farko ma a wurina na tsarin masu ba da aiki ne. Abin da ya dace shi ne mai gini ya biya kuɗin gwajin ƙasa sau ɗaya, ya sa rahoton cikin takardun gayyata, kowane mai takara ya samu kwafi. Ya fi arha ga kowa, kuma farashin da za a kawo masa zai fi zama a kan gaskiya. Ku da kuke ba masu kuɗin Dawanau da Sharaɗa shawara, ku riƙa gaya musu wannan tun kafin su fitar da gayyata.

Malam Nasiru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. A matsayina na mai ƙididdigar kuɗin gini, ina so in ƙara abu ɗaya ga wanda zai samu kansa a yanayin da kowa ya amince, har da mai aikin, domin yakan faru a ƙananan ayyuka. Ko a nan ma ba a karɓar kuɗi ɗaya sau biyu. Mu ɗauka, a misali, gwajin ƙasa ya ci naira miliyan 1, na farko ya biya duka. Idan ya yarda a ba na biyu rahoton, abin da na biyu zai biya a kan wannan kashi, wurin ɗan kwangila na farko zai koma, ko rabi ne ko abin da suka daidaita, injiniya ba shi da kaso a ciki. Abin da injiniya zai karɓa shi ne ladan sabon aikin da ya yi da kuma ladan alhakin da ya ɗauka ga mutum na biyu, kuma ya rubuta su da sunayensu a takardar neman biya. Sannan takardar BEME ya fitar da ita da adadin kaya kawai, gurbin farashi ya bar shi fari, kowane ɗan kwangila ya cike nasa a ofishinsa.

Injiniya Kabiru:
Baba, misalin dabarar rage ƙarfe ya gamsar da ni a kan masu takarar aiki ɗaya, kuma na karɓi gyaran Injiniya Binta a kan kuɗin gwaji. Amma ina tsoron kada matasa su fita daga zauren nan da fahimtar cewa duk 'yan kasuwa biyu masu gasa ba a yi musu aiki tare. Idan mai injin shinkafa a Challawa ya ce in zana masa rumfar masana'anta, bayan wata shida abokin gasarsa a Bompai ya nemi mai girma irin wannan a nasa filin, ni zan yi masa, kuma zan karɓi cikakken kuɗina ko da rabin lissafin yana hannuna. In ba haka ba, mutum zai yi aiki ɗaya a kowace sana'a ya rufe ofis.

Injiniya Binta:
A wannan ina tare da kai, da sharaɗi biyu. Na farko, fili daban yana nufin gwaji daban, kuma ƙasar da ke kusa da kogin Challawa ba za a ɗauka daidai take da ta Bompai ba, saboda haka fandisho dole a sake lissafa shi da gaske, ba a sauya suna a kan zane kawai ba. Na biyu, abin da ka gani a masana'antar na farko, yadda ya jera injinansa da yawan abin da yake sarrafawa a rana da inda ya sayo kayansa, wannan ba ya cikin abin da za ka tafi da shi. Idan kuma yarjejeniyarka da na biyu ta biyan sa'o'in aiki ce, sa'o'in da ka yi masa za ka rubuta, ko da sun yi kaɗan. Idan ta dunƙulallen farashi ce a kan zane kammalalle, saurin da gogewa ta ba ka ribarka ce.

Malam Sadisu:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne daidai. A wannan sura babu abin da aka ɓoye wa mai biya wanda zai canza yardarsa, domin kowa ya san injiniya ya taɓa zana irin wannan rumfa, hasali ma don haka ya zo wurinsa. Ina dai ƙara jan hankali a kan rubuta yarjejeniya. Da an rubuta tun farko wa ya mallaki rahoto, kuma har zuwa yaushe injiniya zai ƙaurace wa sauran masu takara, da rabin wannan muhawara bai taso ba.

Alhaji Ɗanladi:
Barista ta ce haƙƙin cewa a'a yana hannun na farko, to bari in faɗa muku abin da ni zan ce da ni ne shi. Kafin a buɗe tayi ba zan yarda ba, ko nawa za a mayar mini, kuma ina ganin yawancin 'yan kwangila haka za su ce. Amma bayan an buɗe an ba da aiki, magana ta canza. Idan ni na ci, babu sauran zance. Idan wani ne ya ci, rahoton ƙasar ba shi da sauran amfani a wurina, shi kuwa zai iya buƙatarsa kafin ya kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, neman amincewa. A lokacin sai ya zo mu yi ciniki ni da shi, in sayar masa in rage asarata. Injiniya Mustapha kuma ya duba rahoton a kan zanen wanda ya ci, ya rubuta masa takardar cewa zai iya dogara da shi, ya karɓi ladan wannan aikin a bayyane. Injiniya, idan ɗan kwangilar na biyu ya dawo kafin ranar rufe karɓar tayi, ka haɗa shi da wani abokin aikinka da ka yarda da ƙwarewarsa, kada kuma ka tura wa abokin naka ko shafi ɗaya daga fayil ɗin na farko.